Badamagaren da Ya Ce Duniya Agogo Ce

Agogon bango ne ya kai ni Guangzhou a shekarar 1998. A lokacin a Kano ba a gama jeren ɗakin amarya sai an rataya agogo, masu shago suna so, masallatan unguwa ma suna so. Ni kuma a Sabon Gari nake sayar da su, ina sarowa daga hannun mutanen Legas, har na gaji da cin ragowar riba, na ce bari in je inda ake ƙera su. Na sauka ban san kalma ɗaya ta Sinanci ba. Turancina na kasuwa ne, mutanen Liwan kuwa, unguwar da manyan shagunan sari suke, ko shi ba sa ji. Duk abin da na nuna da yatsa sai a kaɗa mini hannu a ce "meyo", wato babu. Ni kuma ga saurin hawa, kafin azahar na yi faɗa da mutum uku waɗanda ba su san me nake cewa ba.

Ranar Juma'a na nemi Masallacin Huaisheng, mai doguwar hasumiyar nan ruwan toka. Baƙar fata ba mu da yawa a garin a shekarun nan, ana sallamewa muka gano juna. Wani mutumin zangon Kumasi, mai aikin tura kaya ta jirgin ruwa, ya saurari kukana yana dariya. Ya ce abin da nake bukata tafinta ne, kuma akwai wani ɗan Nijar da ba shi da na biyu, in tsallaka titi zan same shi a shagon shayi.

Na same shi zaune da jaridar Sinanci, dogo siriri, furfura ta fara cin gefen kansa, sanye da shat mai gajeren hannu kamar ma'aikacin gwamnati. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu. Na yi sallama, ya amsa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Daga ina?"

"Kano."

Ya ninke jaridar a hankali ya ajiye. "Alhamdu lillahi. Yau na samu bawa. Zamna, Bakano, ni mutumin Damagaram ne."

Na ce, "Af, ashe wahalar tawa ba ta ƙare ba. Na tsallako duniya guda don in faɗa hannun Badamagare."

Wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ya girme mu duka, kakanninmu suka bar mana shi. Badamagare zai faɗa wa Bakano abin da ko yayansa ba zai faɗa masa ba, kuma babu damar fushi. A wannan zama na farko ya ce mini Bakano in ya samu dama zai sayar da agogo daban, hannayen agogon daban. Na ce masa Damagarawa sun zo Kano da igwa sun koma da zazzaɓi. Rabona da dariya irin ta ranar tun ina filin jirgi.

Gwamnatinsu ce ta turo shi karatun injiniyan ruwa tun yana saurayi. Ya gama, bai koma ba, bai kuma taɓa gaya mini dalili ba. Shi kaɗai yake zaune. Aikinsa ya raka 'yan kasuwa shaguna da masana'antu, ya yi musu ciniki, ya duba musu kaya. Ya iya aikin ƙwarai. Sai ya kira mai shago "lawban", wato maigida, ya sha shayinsa, ya tambayi lafiyar tsohuwarsa, sannan ya sa a buɗe bayan agogo a gabansa ya ga irin injin da ke ciki. Ni ina gefe ina tafasa don na ga lokaci yana tafiya, shi kuwa ko a jikinsa.

Abu ɗaya na lura da shi. Duk inda salla ta same mu, shi zai nemi mai wuri ya ba ni ruwa da gefe mai tsabta, ya dubi rana ya nuna mini gabas, ya riƙe mini jaka, ya tsaya yana korar ma'aikatan da ke taruwa kallo. Amma shi ban taɓa ganin ya ɗora goshinsa a ƙasa ba. Na ce a raina wataƙila yana haɗawa ne in ya koma gida, ban tambaya ba.

Maganar ta fito ne a motar haya, muna hanyar Panyu ganin wata masana'anta. Ruwan sama ake yi kamar da bakin ƙwarya, mota tana rarrafe. A cinyarsa akwai wani agogon tebur da wani lawban ya ba mu samfur, irin mai mabuɗi a baya da ake murɗawa. Na ce, "Allah ka tsayar mana da ruwan nan mu isa kafin a tashi daga aiki."

Ya ce, "Ruwan nan tun daga teku ya taso da ƙa'idarsa, Bakano. Ba za a canza masa hanya don kwantenarka ba."

Na ce, "Badamagare, kiyayi bakinka."

Ya murɗa agogon, ya kara mini a kunne. "Kana ji? Wanda ya ƙera wannan yana ina yanzu? Ba ya cikin motar nan. Ya tsara shi, ya sa masa doka, ya sake shi, shi kuma yana ta tahiya. Akwai masu cewa haka Mahalicci ya yi da duniya. Ba su ce babu shi ba. Sun ce wanda ya ga agogo ya san akwai maƙeri, wanda ya ga rana da wata ya san akwai Mahalicci. Amma sun ce da hankali ake saninsa, da kallon halitta, kuma ba ya sa hannu ya tsayar da ruwa don wani ya roƙa. Da Faransanci deyis ake ce musu."

"Mahaukatan ina ne waɗannan?"

"Bon. Ka san Amurka? Mutanen da suka zamna suka ce sun bar bin sarkin Ingila, wasu daga cikin manyansu irin wannan tunani gare su. Kakanninsu a Turai sun daɗe suna yanka juna a kan wace coci ce ta gaskiya, sarki kuma yana cewa Allah ne ya naɗa shi, mai ja da shi ya ja da Allah. Sai waɗannan suka ce a'a. In Mahalicci ya ba kowa hankali iri ɗaya, to bai halicci wani da sirdi a baya ba, wani kuma da linzami a hannu. Rai da 'yanci tun wurin ƙira aka sa wa mutum su, kamar yadda aka sa wa agogon nan waya a ciki. Sarki bai ba ka ba, don haka ba shi da ikon karɓewa. Shugaba sai wanda mutane suka yarda da shi. Kuma hukuma ba ta tambayar ka inda kake ibada."

Ba zan ɓoye ba, rabin maganar ya yi mini daɗi. Soja ke mulki a gida a lokacin, nasu ma haka, duk wanda ya ce shugaba sai da yardar mutane zan ba shi kunne. Amma rabin farko bai kwanta mini ba.

Na ce, "Su waɗannan masu hankalin, ba su ne suka cika gonakinsu da bayi baƙar fata ba?"

Ya gyara tabarau. "Nan ka kama ni. Hannun da ya rubuta cewa kowa daidai yake, shi ne ke riƙe da bulala. Amma jikokin bayin da maganar suka kama su, suka ce ku kuka faɗa, to ku cika."

"Mu tun kafin a san da wata Amurka aka gaya mana duk 'ya'yan Adam ne. Ba sai da Bature ya zauna ya yi tunani ba."

"Gaskiya ne. Saura aiki da shi."

Na karɓe agogon daga hannunsa, don na ji kamar da shi yake cin galaba a kaina. Na ce, "Ni sana'ata ce wannan. Ban taɓa ganin agogon da ba ya komawa wurin mai gyara ba. Wani ya yi gudu, wani ya yi nawa, wani ya tsaya cik. Ka ce duniya guda an sake ta ba mai waiwayarta? Ina yaro ciwon sanƙarau ya kwantar da ni har an fara kuka, tsohuwata ta kwana tana roƙo, ga ni zaune kusa da kai. Ka ce ba a ji ta ba?"

Ya ce, "Ba zan ce komai a kan tsohuwarka ba. Allah ya saka mata."

"Wane Allahn? Wanda ba ya ji?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na dube shi sosai na ce, "Malam, bar wasa. Labarin Turawa kake ba ni, ko naka kake faɗa?"

Ya ce, "Nawa ne."

A haka muka isa Panyu. Zuciyata ta yi nauyi kamar an gaya mini yana da ciwon da ba a warkewa. Da la'asar ta yi, sai na ji shi yana yi wa mai masana'antar Sinanci, ba a jima ba aka kawo mini ruwa a bokiti. Ya miƙo hannu ya karɓi jakata kamar kullum.

Daga nan musu ya zama abincinmu. Ina zuwa in koma Kano in dawo, duk zuwa sai mun ɗora daga inda muka tsaya. In zo masa da abin da na tambayo wurin malaminmu na unguwa, shi kuma ya jawo mini wani tsohon Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakana. Bai taɓa zagin addini a gabana ba, ban taɓa fasa ce masa ya ɓata ba. Sau da yawa ina tashi in bar masa shayinsa, washegari in same shi a ƙofar masaukina yana jira. Ina ƙaunar mutumin nan, ina kuma jin haushinsa, har yau in na ɗaga hannu ina addu'a sai na sa shi a ciki. Mutane suna jin hayaniyarmu, amma Bakano da Badamagare ne, ba wanda ya taɓa tsayawa ya saurari abin da muke cewa.

Kowace Juma'a bayan an sauko, a gidan mutumin Kumasin nan muke haɗuwa, hawa na uku a wani tsohon bene kusa da masallaci. Shinkafa da miyar gyaɗa, da naman rago da ake saya wurin Musulmin ƙasar, a zuba a manyan faranti a zauna a ƙasa. Kanawa, 'yan Nijar, 'yan zangon Gana, kowa da irin Hausarsa. Tafinta yakan shigo bayan an zauna, ya wanke hannu ya nemi gefena. Babban cikinmu wani Alhaji ne Bakano mai sarin takalma, dattijo mai kyauta, mai tsanani kuma. In ya ga wandonka yana jan ƙasa sai ya yi magana.

A shekara ta biyu da zuwana wani ɗan kasuwa daga Gana ya kwanta ciwo, ya rasu a asibiti. Ba shi da kowa a ƙasar, ba kuma wanda hukuma ta sani da zai tsaya masa. Gawar Musulmi, wadda a gida ba ta kwana, ta yi makonni a firjin asibiti. Tafinta ne ya ajiye aikinsa ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, har aka ba mu shi muka kai shi maƙabartar Musulmi. Abin ya girgiza mu duka. Juma'ar da ta biyo Alhaji ya ce ba za mu ci gaba da zama kamar kaji ba, a kafa ƙungiya, a san shugaba, a san wanda yake namu, don in ciwo ko mutuwa ko hukuma ta taɓa mutum a san masu tsaya masa.

Tafinta ya ji abin kamar don shi aka yi. Ya ce to shugaba a zaɓe shi da ɗaga hannu, kowa hannunsa ɗaya, babba da yaro, mai kwantena goma da mai jaka ɗaya. Alhaji ya ɓata fuska ya ce mu a gida dattawa ke magana sauran su ce to. Amma matasa sun so abin, aka ɗaga hannu, kuma kowa Alhajin ya zaɓa. Tafinta ya zungure ni yana murmushi kamar shi ya haifi ƙasa.

Sai aka zo kan wanda zai shiga. Alhaji ya ce abin a fili yake, duk wanda muke tsayawa sahu ɗaya da shi namu ne. Tafinta ya ce akwai Kiristoci biyu 'yan Jos masu sarin kayan lantarki, Hausa a bakinsu kamar tamu, in ɗayansu ya faɗi wa zai ɗauke shi? Ya ce a bar maganar sahu, duk wanda ya fito daga gida namu ne.

Akwai wani mai sarin batir a cikinmu, mutum mai kaifin baki. Ya ce, "Dole ka ce a bar maganar sahu mana. Kai kanka wa ya taɓa ganinka a ciki?"

Alhaji ya juyo ya ce, "Malam tafinta, an yi maka tambaya. Ni ma na daɗe ina son in yi. A ina kake salla?"

Na yi wuf na shiga da dariyar dole. "Alhaji, rabu da shi. Badamagare ne, ka san su sai rana ta take suke sallar asuba. Ni yake tsokana, duk maganganun nan don ya ƙular da ni yake yi." Wasu suka fara dariya, Alhaji ma ya sassauta fuska. Ƙofa ce na buɗe masa, kowa a ɗakin ya san ƙofa ce, kuma kowa a shirye yake ya kau da kai ya bar shi ya wuce. Abin da ya rage kawai ya rama, ya ce Bakano a sahu ma lissafin riba yake, a yi dariya a ci gaba da cin abinci.

Ya dafa gwiwata ya ce, "Na gode, Bakano. Amma ba wasa ba ne." Ya fuskanci Alhaji. "Ranka ya daɗe, ba na salla. Na yarda akwai Mahalicci, ban taɓa shakka ba. Amma abin da na gani shi ne ya tsara duniya ya ba mu hankali ya bar mu da shi. Ba zan yi maka ƙarya a kan abincinka ba."

Wani ya yi salati. Tafinta ya tashi, ya wanke hannunsa a kwano, ya sa takalmi ya fita. Mai batir ya ce ai shi ya kawo ɗaga hannu, to Juma'a mai zuwa a ɗaga a kansa, ko ya zauna cikinmu ko kowa ya nemi wani tafintan. Ba wanda ya musa.

Washegari da hantsi na je ɗakinsa, ban taɓa shiga ba sai ranar. Gado ɗaya, tukunya ɗaya, littattafai jibge har bakin taga. Ko zama ban yi ba na fara zazzaga masa. Na ce girman kai ne ke damunsa, na rufa masa asiri ya yaye da hannunsa, yanzu ga shi zai rasa masu ba shi aiki a kan maganar Turawan da ba su san da shi ba.

Ya bar ni na gama. Ya ce, "Aiki ba ya ba ni tsoro, Larabawa ma suna neman tafinta. Ka san kahin ku fara zuwa shekara nawa na yi ban yi Hausa da kowa ba? A banɗaki nake yi, ni kaɗai, ina kiran sunayen abubuwa don kar su gudu. Ran da na fara jin wani ya ce sannu a titin nan, bin shi na yi kamar mahaukaci." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Kuma ni na shiga ɗakin firjin nan, Bakano. Ni aka jawo wa aljihun da gawar take ciki na duba huskarsa. Tun ranar nake tunanin wa za a kira in nawa ya zo."

Duk faɗan da na zo da shi ya zube. Na zauna a bakin gadon na ce, "To don Allah ka zo ranar Juma'a ka shiga sahu. Ko ba ka ce komai ba, ka tsaya kawai a gan ka. Ni zan ce shaiɗan ne ya zuga ka, ka tuba."

Ya ce, "In na tsaya don ku gan ni, wa na yi wa sallar? Kai za ka yarda a yi wa Ubangijinka haka?"

Babu abin da ke ƙona mini rai irin Badamagare ya ci ni a magana. Na ce masa taurin kai zai kashe shi, na buga ƙofa na fita.

Makon nan ban sayi agogo ko ɗaya ba. Na bi mutane shago shago ina tuna musu wanda ya fito mana da gawa. Kowa ya ce haka ne, amma. 'Yan Nijar suna jin kunya kamar shi ya zubar musu da mutunci, Kanawa suna cewa cin abinci da shi ma akwai magana. Ban bukaci lissafi ba, na san in aka ɗaga hannu ya tafi. Na je wa Alhaji a masaukinsa, na yi ta zuba, yana jan carbi bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Allah ya kai mu Juma'ar." Na fito ina cewa a raina dattijon nan ya riga ya yanke.

Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci na hango shi a shagon shayi, ya buɗe jarida ya rufe fuska. Ban tsallaka ba. Muka hau bene, aka ajiye faranti, ba wanda ya taɓa. Mai batir ya ce a gama da maganar tukuna, masu son a sallame shi su ɗaga hannu. Hannaye suka fara motsi.

Alhaji ya ce, "Ku sauke."

Ya gyara zama. "Kun ɗaga hannu kun ba ni shugabanci, na karɓa. Abin da mutumin nan ya faɗa ɓata ne, kuma tun ranar nake roƙa masa shiriya. Ba zan bi shi salla ba, ba zan ba shi 'yata ba. In ya mutu a kan haka, maganar yi masa salla sai mu tambayi malamai. Amma ɗan Adam ne. Darajar da ke kansa Allah ya ɗora masa, ba mu ba. Abin da ba mu muka ba shi ba, ba za mu taru mu ɗaga hannu mu ƙwace ba. Ina raye ba za a bar shi a firji ba, ba kuma za a hana shi zama inda ake yarensa ba. 'Yan Jos ɗin ma a kira su."

Mai batir ya ce, "To Alhaji, meye amfanin ɗaga hannun, in mutum ɗaya zai yanke?"

"Amfaninsa ku sauke ni. Wanda bai yarda ba ya ɗaga yanzu, in ba shi wurin."

Ba wanda ya ɗaga. Mai batir ya tashi ya fita, wani ya bi shi, kuma ba su sake cin abinci da mu ba. Alhaji ya dube ni ya ce, "Je ka kira abokin wasanka."

Na sauka da gudu har ina tuntuɓe. Ya ga tahowata ya ƙara ɗaga jaridar. Na fizge ta na ce, "Tashi, bawana, ana kira."

"Hannu nawa na samu?"

"Ba a ƙirga ba. Alhaji ya hana."

Na faɗa masa abin da aka yi, kalma da kalma yadda na iya riƙewa. Ya ce in maimaita masa wurin da Alhaji ya ce ba mu muka ba shi ba. Na maimaita. Ya ture kofin shayinsa gefe.

Ya ce, "Duk da haka ba a bi ƙa'ida ba. An ce za a ɗaga hannu, mutum guda ya hana. Wannan ai mulkin kama-karya ne."

Na ce, "To zauna nan, in koma in ce a ƙirga."

Ya riga ni tsallaka titi. A kan bene yana gaba ina baya, yana ta mita a kan ƙa'ida. Da muka kai ƙofa ya tsaya, ya goge fuska da tafin hannu, ya yi sallama a hankali kamar baƙo.

Alhaji ya amsa masa cikakkiya. Ya ce, "Malam tafinta, ka sa abinci ya huce. Ku matsa masa."

Aka matsa. Ya wanke hannu ya zauna, ya kai hannu faranti. Kowa ya sunkuyar da kai yana cin abincinsa. Alhaji ya kai loma, ya tauna, sannan ya tambaye shi ko gobe da safe yana da sarari, akwai masana'antar takalma da yake son ya raka shi.